Kwat Ɗin Ranar Lahadi

"Ki sakar mini ɗana."

Da wannan maganar Mama Verna ta tari Nadine a ƙofar asibiti ranar Alhamis da yamma, ko gaisuwa babu.

Nadine ta ja ta tsaya, rigar ɗaliban jinya na jikinta, ƙafafunta na zogi saboda yinin da ta yi a tsaye. Shekara biyu tana soyayya da Lamont Pruitt, mahaifiyarsa ba ta taɓa tako ƙafa ta zo nemanta ba sai yau.

"Mama, sannu da zuwa. Mu samu wuri mu zauna mana."

"Ban zo zama ba. Ranar Litinin ƙarfe biyar ake rufe ƙofa, kin fi ni sani. Ya ce mini wai zai janye sunansa. Wa ya sa shi in ba ke ba?"

Duk wanda ke garin nan namu na jihar Carolina ta Arewa ya san zancen, har da waɗanda ba su taɓa riƙe ƙwallon kwando ba. Lamont ne tauraron jami'armu, shekara ɗaya ta rage masa ya gama. Ya sa sunansa cikin waɗanda manyan ƙungiyoyin ƙwararru za su zaɓa a ƙarshen wata. In ya bar sunan, ya yi sallama da jami'a. In ya janye kafin Litinin, zai dawo aji ya ci gaba da buga wasa kyauta, da sharaɗi guda: kada a ce ya ɗauki dillali, kada a ce shi ko danginsa sun karɓi ko da kofin shayi daga hannun dillali. Wannan doka yaranmu sun haddace ta kafin su haddace addu'ar cin abinci.

Mama Verna ta miƙo hannayenta biyu. Na hagu a kumbure yake, yatsun sun lanƙwashe. Na dama kuwa da sabon tabon ɗinki a tsintsiyarsa.

"Dubi nan, tunda ke malamar asibiti ce. Shekara ashirin da biyu ina feɗe kaji a masana'anta. Wannan an samu an yi masa aiki, wancan yana jira. Ko maɓallin rigata ba na iya sawa da safe."

"Mama, na sani..."

"Ba ki sani ba! A gidan littattafai kika tashi. In gwiwarsa ta tsinke baɗi fa, yana yi wa jami'a bauta a banza? Wa zai dube shi? Ke, ko ubanki mai kwali?"

Matar da duk gari ke shakkar bakinta ta tsaya a gaban mutane tana hawaye.

"Shi kaɗai gare ni, Nadine. Sau ɗaya ake buɗe wa irinmu ƙofar nan. Ina roƙonki, in da gaske kike son sa, ki ce masa ya tafi."

Ta juya ta nufi tashar bas, ta bar Nadine da makullin mota a hannu, ta ma rasa inda ta ajiye motar.

Abin da ya sa maganar ta yi mata ciwo shi ne akwai gaskiya a ciki. Mahaifinta, Mista Mabry, shekara talatin da ɗaya ya yi yana koyar da lissafi a sakandare. Dogayen yara nawa suka wuce ta ajinsa da mafarkin miliyoyi, daga baya ya same su suna wanke motoci. Ranar da ya ji labarin Lamont, magana ɗaya ya yi: "Kwali tukuna. In ya bar karatu ya bi kuɗi, ki aure shi in kin so, doka ta ba ki dama. Amma ba da yawuna ba, kuma ba za ki gan ni a cocin ba." Mista Mabry ba ya magana biyu. Tun tana shekara tara mahaifiyarta ta rasu, shi ne uwa shi ne uba, har kitso ya koya saboda ita.

Washegari da rana Nadine ta sami Lamont a zauren wasa shi kaɗai, yana jefa ƙwallo. Yana ganinta ya saki murmushin nan nasa da ke sa ta mance abin da ta zo faɗa. Yau dai ba ta mance ba.

"Ka bar sunanka, Lamont. Ka tafi."

Ƙwallon ta suɓuce masa ta gangara.

"Mama ta same ki ke nan."

"Ta nuna mini hannunta."

"Ni ma kullum ina ganinsa." Ya zauna a ƙasa don kada ta wahalar da wuyanta wajen kallonsa. "Zo ki zauna, 'yar malam. Kuka kika yi jiya, ga idonki nan."

Ta zauna, hawayen da ta yi alkawarin riƙewa suka ƙwace.

"Ba na so wata rana ka dube ni ka ce ni na tare maka arziki. Ba zan iya ɗaukar wannan ba. Gara na rasa ka."

"Kai! Ji wata magana. Wa ya ce miki arzikin a aljihuna yake? Wasu sun ce za a ɗauke ni da wuri, dala miliyan da wani abu. Wasu sun ce in bari sai baɗi, yanzu ko kallona ba za a yi ba. In ma an ɗauke ni, a ƙarshen benci zan zauna ina miƙa wa manya tawul, yau wannan gari gobe wancan, a sayar da ni kamar tsohuwar mota ba tare da an tambaye ni ba."

"Amma kuɗi ne, Lamont. Mama za ta huta."

"Za ta huta baɗi in Allah ya so, da kwalina a bango." Ya murza yatsunsa. "Kin san wani abu? Ban taɓa jin daɗin rayuwata ba sai a nan. A gida kowa tsawona yake gani, tun ina ɗan sha biyu Kawu Dewey ke auna ni a jikin ƙofa kamar ɗan maraƙin da ake kiwo. A nan kuwa malamin tarihi ya dawo mini da takardata ya ce in sake, wai na fi haka. Ni fa! Na ji daɗin faɗan nan fiye da duk tafin da aka taɓa yi mini. Ga ki kuma. Shekara ɗaya kacal nake roƙo, Nadine. In ƙarasa abu ɗaya a rayuwata da kaina."

"In gwiwarka ta..."

"Kar ki ƙarasa, bakinki da kaifi." Ya yi dariya, ita ma ta yi cikin kuka. "Na riga na rubuta takardar janyewa. Litinin da safe koci zai aika. Amma kafin nan, ki ce wa Baba ina nan zuwa cin abinci ranar Lahadi bayan coci. Da bakina zan gaya masa."

Ranar Lahadi tun da safe Nadine ke kicin. Ta soya kaza, ta gasa burodin masara, ta dafa ganye da dankali, ta haɗa shayi mai sanyi cike da tulu. Sai da ta fito jera faranti ta ga an ƙara kujera ɗaya.

"Baba, wa kuma za mu yi baƙo?"

"Alton. Na gan shi a coci na ce ya biyo."

Dakta Alton Tisdale likitan haƙori ne, mai asibitin kansa, mai rera waƙa a sahun gaba a coci. Shekara uku yana zarya gidan da furanni. Mutum ne mai yawan murmushi, kuma ba a ga laifinsa ba, tallan sana'arsa yake. Mista Mabry na son sa kamar ya haɗiye, don kwalayensa uku ne a bango.

Ƙarfe ɗaya daidai Lamont ya ƙwanƙwasa. Da Nadine ta buɗe, sai ta saki baki. Kwat ne a jikinsa ruwan toka, sabo fil, ya zauna masa ɗas tun daga kafaɗa har tsintsiyar hannu. Mutumin da duk rigar duniya ke yi masa kaɗan, yau ga shi kamar ango.

"Rufe bakin mana, ƙuda zai shiga," ya ce a hankali. "Kawu Dewey ne ya ɗinka mini. Ya ce ba a zuwa gidan malamai da rigar wasa."

Aka yi addu'a, aka fara ci. Cokali kawai ake ji. Nadine ko loma uku ba ta yi ba. Can Lamont ya ajiye nasa cokalin, ya gyara zama.

"Yallaɓai, na zo ne in gaya maka gobe zan janye sunana. Zan ƙarasa karatuna. In na karɓi kwalin, zan dawo in nemi izininka a kan Nadine."

Mista Mabry ya dube shi ta saman tabarau, irin kallon da yake yi wa ɗalibin da ya ba da amsa daidai amma ana zargin ya leƙa ta wani.

"Mahaifiyarka ta yarda?"

"Ba ta yarda ba, yallaɓai."

"Ka san abin da kake ajiyewa?"

"Na sani. Na fi kowa sani."

Tsohon ya ɗauki kwanon kaza da kansa ya tura gaban Lamont.

"Ƙara. Wannan jikin ba ya rayuwa da cinya ɗaya."

Nadine ta sunkuyar da kai don kada a ga idonta. Wanda ya san Mista Mabry ya san ba ƙaramin abu ya faru ba. Daɗi ya cika ta har tana jin kamar ta tashi ta rungume kowa, har da Alton.

Alton kuwa ya goge baki da adiko, ya saki murmushi.

"Na taya ka murna, ɗan'uwa. Kuma kwat ɗin nan ya yi kyau. Na gan shi a rataye ranar Talata, ai telanmu ɗaya. Duk garin nan shi kaɗai ke iya ɗinka wa mai tsawonka."

"Na gode. Kawuna ne ya yi mini."

"Kawunka?" Alton ya ɗaga gira. "To, ko ni ne ban ji daidai ba. Tela cewa ya yi wani baƙo ne ya biya, mai zobba a yatsu, da lambar motar wata jiha. Har ya bar masa katinsa, wai in an ga wani dogon yaro a kira shi."

Lamont ya dubi hannun kwat ɗin.

"Ƙarya kake," in ji Nadine. "Baƙin ciki ne kawai ke cin ka."

"Nadine," mahaifinta ya ce, "ba a zagin baƙo a teburina." Ya nuna wayar da ke jikin bangon kicin. "Ga waya can, saurayi."

Lamont ya tashi kamar wanda aka ɗora wa buhu, ya kira kawunsa. Kawu Dewey mutum ne da ba ya buƙatar waya in zai yi magana da maƙwabtan gari, don haka duk abin da ya faɗa a kunnen kowa ya faɗe shi.

"Kawu, wa ya biya kuɗin kwat ɗin nan?"

"Kai, yaro, ana cin abinci kana tambayar kuɗin riga? Ya yi maka kyau ko bai yi ba?"

"Kawu. Wa ya biya?"

"To, mutumin nan ne. Mutumin kirki ne, Lamont, shi zai tsaya maka a wajen manya. Meye a ciki? Kai ka sa hannu a wata takarda? Ba ka sa ba. Ni na karɓa, ni kuwa ba ɗalibin kowa ba ne."

"Sau nawa na gaya muku? Dangi ma doka ta hana! Ko kofin shayi na ce!"

"Kar ka ɗaga mini murya, ni na saya maka ƙwallonka ta farko. Kana tsammanin aikin hannun uwarka daga sama ya faɗo? Wata takwas tana jiran layi, mutumin nan ya buga waya ɗaya aka yi mata cikin mako. Da sai mu bar ta ta nakasa saboda dokar wasu masu cin kuɗin guminka?"

Lamont ya dafa bango.

"Mama ta sani?"

"Ta san an taimaka. Cewa na yi mata coci ne suka haɗa. Ka ga, ka bar sunanka kawai, kowa ya huta. Ai dama..."

Lamont ya mayar da wayar a hankali. Ya juyo, fuskarsa ta yi fari fat kamar ba jini.

Nadine ta san abin da ke tafe. Duk ɗan wasan da ya janye sunansa sai ya sa hannu a takardar rantsuwa cewa shi da danginsa ba su karɓi komai ba. In ya faɗi gaskiya, hukumar wasannin jami'o'i na iya hana shi wasa, in babu wasa babu tallafin karatu, in babu tallafi babu kwali. Ta tashi da gudu ta riƙe hannunsa.

"Ba ka sani ba ai! Ba laifinka ba ne. Ka sa hannu kawai gobe, wa zai sani? Mu huɗu ne a nan. Alton, don Allah, na roƙe ka, ka yafe mini abin da na ce. Ka ce ba ka ji komai ba."

Murmushin Alton ya ɗauke. Da alama bai zaci abin zai kai nan ba, so yake kawai ya kunyata dogon a gaban tsoho.

"Ni... ni ba zan kai ƙarar kowa ba," ya ce yana kallon farantinsa.

"Ka ji ko? Baba, kai ma ka yi magana! Riga ce fa kawai, da hannun tsohuwa mai ciwo. Wa aka cuta?"

Mista Mabry bai dube ta ba. Lamont yake kallo.

"Ba ni zan sa hannu ba," ya ce. "Shi zai sa."

"Lamont, ka dube ni." Kuka take sosai yanzu, ba ta damu da kowa ba. "Kai ka ce shekara ɗaya kake roƙo. Ga ta nan, layi ɗaya ne a takarda. In ka faɗa sun kore ka, dole ka tafi, Baba kuma ba zai... Ka yi don ni. Ban taɓa roƙonka komai ba."

Ya sa babban yatsansa ya share mata hawaye.

"Shekaranjiya cewa kika yi in tafi."

"Ƙarya nake! Ba na so ka tafi!"

"Na sani, 'yar malam. In na sa hannun nan, mutumin can ya riƙe ni a wuya ke nan. Duk ranar da na ƙi shi, waya ɗaya zai buga, a ƙwace duk wasannin da muka ci, a kori koci, yaran da muke wasa tare su tashi a tutar babu. Kuma duk Lahadin da na zauna a teburin nan, mahaifinki ya san da wa yake cin abinci. Ba zan iya ba, Nadine. Ko don ke."

Ya zare hannunsa daga nata. Ya cire kwat ɗin, ya ninke shi da kyau, ya ɗora a kan kujera.

"Yallaɓai, na gode da abinci. Zan je gidan koci yanzu in gaya masa komai. Watakila su ce in mayar da kuɗin su dakatar da ni na ɗan lokaci. Watakila su ce shi ke nan. In sun ce shi ke nan, sunana zai zauna a inda yake, don ba ni da kuɗin makaranta." Ya yi wani guntun murmushi mai ciwo. "Wandon da takalmin sai gobe zan mayar, ka yi haƙuri."

Babu wanda ya yi dariya. Ya nufi ƙofa.

Nadine ta fizgi makullin motarta daga ƙusa.

"Ina za ki?" in ji mahaifinta.

"Zan kai shi. Ba shi da mota."

"Ki zauna."

Tun da aka haife ta ba ta taɓa jin wannan kalma daga bakinsa ta ci gaba da tsayuwa ba. Ƙafafunta har sun fara lanƙwashewa da kansu. Ta dafa ƙofar ta miƙe.

"Baba, ka yafe mini. Ba zan zauna ba."

Suka kalli juna. Mista Mabry ya ture kujerarsa, ya wuce ta gabanta, ya shige ɗakinsa. Ta fita tana ganin hanya dishi-dishi.

Har Lamont ya buɗe ƙofar mota suka ji muryar tsohon daga baranda.

"Saurayi."

Yana tsaye riƙe da baƙin kwat ɗinsa na zuwa coci, wanda ya fi Nadine shekaru.

"Ba a fita daga gidana a je gaban manya da 'yar shara. Saka."

Lamont ya dawo ya karɓa da hannu biyu, ya saka. Hannun rigar ya tsaya masa kaɗan a ƙasan gwiwar hannu, kafaɗar kamar za ta yage.

"Yallaɓai, dokar ta ce ko kyauta daga..."

"Wa ya ce maka kyauta ce? Aro ne. Kuma kar ka aiko mini da shi. Duk abin da suka yanke, ka kawo shi da ƙafarka."

Nadine ta matso.

"Baba, to maganarka fa? In suka kore shi?"

Tsohon ya cire tabarau yana gogewa da gefen rigarsa. Ban da ranar da mahaifiyarta ta rasu, yau ne kawai ta ga idonsa ya cika da ruwa.

"Maganata tana nan inda na ajiye ta," ya ce. "Ki tuƙa a hankali."

Ya koma ciki ya rufe ƙofa.

Ta shiga mota. Sau biyu makullin na faɗuwa daga hannunta kafin ta iya zura shi. Lamont na gefenta a takure, gwiwoyinsa sun tokare gaban motar, yana kallon titi.

"Nadine, in suka ce shi ke nan, ni ko Baba?"

Ta tayar da mota.